Yaya kamfanin NESCO na Filato ya faro, kuma me ya sa ƙananan tashoshinsa suka daɗe?

Ɗan Tudu: Assalamu alaikum masana. Ina neman bayani kan NESCO, kamfanin da ke samar da lantarki daga ruwa a Filato. Yaushe aka kafa shi, kuma ta yaya ƙaramin kogi ke ba da wutar da za ta ishi gari?

Malam Na-Bukuru: Wa alaikumus salam. Kuza ce ta haifi kamfanin. Masu haƙar kuza suna buƙatar wuta don famfunan da ke zuƙo tsakuwa da ruwa daga ramuka, ga shi kuwa ɗauko kwal daga Inugu ta jirgin ƙasa da tsada. A 1923 masu haƙar suka gina tashar lantarki ta ruwa a Kwall mai megawat 2. A 1929 aka kafa NESCO, ya gina tashar Kurra mai megawat 8, daga baya ya ƙara Jekko ta ɗaya da ta biyu, kowacce megawat 4. Hedikwatarsa tana Bukuru. Da gwamnati ta kafa ECN, hukumar lantarki ta ƙasa a wancan lokaci, har aka haɗe ta da hukumar madatsun Neja aka samu NEPA a 1972, NESCO bai shiga ciki ba, ya ci gaba da zaman kansa. Da farashin kuza ya karye a 1985 ma'adinai suka durƙushe, gidaje da masana'antu ne suka riƙe kamfanin.

Injiniya Gangare: Ɗan'uwa, ba girman kogin ake dubawa ba, tsayin da ruwan zai faɗo ake dubawa, bakin tudun Filato kuwa yana da wannan. Lissafin shi ne: 9.81 sau yawan ruwa a daƙiƙa sau tsayin faɗuwa sau ingancin inji. Ruwa mita kubik 1 a daƙiƙa, idan ya faɗo mita 100 ta injin da ke da inganci kashi 80 cikin ɗari, zai ba ka kusan kilowat 785. Ruwan nan dai, a faɗuwar mita 10, kilowat 78 kawai za ka samu.

A irin wannan tasha ana tare ruwa da ƙaramar madatsa, a kora shi ta kwata zuwa wani kwarmi inda yashi zai kwanta, ya wuce ragar ƙarfe mai tare ganye da itace, sannan ya shiga bututun ƙarfe ya gangaro kan farfelar da ke juya janareta. Inda faɗuwar ta yi tsawo sosai, farfelar Pelton ake sawa, mai cokula a gefe.

Yashi shi ne babban abokin gaba. In ba a riƙa wanke kwarmin ba, zai cinye cokulan da bakin bututun da ke fesa musu ruwa, wuta ta riƙa raguwa ba a ankara ba. Sai kuma rufe bawul farat ɗaya: ruwan da ke gudu zai daki bututu har ya iya fasa shi, shi ya sa ake rufewa sannu a hankali.

Hajiya Lantarki: Injiniya, ka tsallake rani. Daga Nuwamba zuwa Maris kogunan kan ja baya ƙwarai, don haka aka gina tafkuna a Kurra a tara ruwan damina. Duk mai shirin gina ƙaramar tasha ya auna ruwan kogin na shekara guda aƙalla, ya zaɓi girman inji da ruwan rani. In da na Agusta ya auna, injin zai kwashe watanni yana zaune.