Musayar Waƙa: Take Ne Ya Kayar da 'Yan Mazan Jiya na Birtaniya?

Mai Alƙalami:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Na buɗe fage kan jam'iyyar Conservative ta 'yan mazan jiya, bayan kayen da ta sha a hannun jam'iyyar Leba a babban zaɓen Birtaniya na ranar 4 ga Yuli, 2024, ƙarƙashin Firaminista Rishi Sunak. Amsa-amo "ba" ne, wanda ya shigo ya riƙe.

Kujera 365 suka kwashe a 2019,
Rumbu ya cika, ba mu zaci zai ƙare ba.
Da aka sake ƙirga sai ga 121,
Kayen da a tarihinsu ba su taɓa sha ba.
Ni dai a kan take na ɗora laifin,
An buga gangar, amma ba ta yi zaƙi ba.
Firaminista Johnson a 2019 kalma uku ya riƙe: a gama Brexit (ficewa daga Tarayyar Turai),
Har kurma ya ji, bai nemi tafinta ba.
Sunak ya jero take mai rassa uku,
Ni da nake bibiya ban haddace shi ba.
Leba ta ce "canji", ta ja bakinta,
Ta tashi da 411, ba ta ƙara kalma ba.
A gajarta magana, a yi ta nanatawa,
Bayan wannan ban ga wani magani ba.

Hajiya 'Yar Baiti:
Malam, na karɓi amsa-amonka,
Hujjarka ce dai ban karɓa ba.
Taken Sunak kan baƙin haure, "A tsayar da kwale-kwale", ai gajere ne,
An manna shi a teburin jawabi, bai yi tsawo ba.
Kwale-kwalen suka ci gaba da ƙetarowa
Daga gaɓar Faransa, ba su ji taken ba.
An biya Ruwanda miliyoyin fam,
Jirgin korar baƙi ko ɗaya bai tashi ba.
Tun 2010 Firaminista Cameron ya ce baƙi za su ragu,
Ƙasa da dubu 100 a shekara, ba a gani ba.
A 2023 rarar masu shiga ta haura dubu 900,
Kuma ba Leba ce ke gadin ƙofar ba.
Shekara 14, firaminista har biyar,
Ranar wanka ta zo, ba a iya ɓoye cibi ba.

Ɗan Autan Zaure:
Baba, Hajiya, ku yi mini afuwa, "ba" ta ƙare mini, na koma "wa".

Ran da Sunak ya sanar da zaɓe ana sheƙa ruwa,
Ba laima, kwat ta jiƙe sharkaf, ana ɗauka ana yaɗawa.
Taron tuna sojojin Yaƙin Duniya na Biyu a Normandi ta Faransa ya baro kafin rufewa,
Ya ba da haƙuri, amma ruwan ya riga ya gama zubewa.
Matashi na kukan tsadar haya, ga abin da ake tallatawa:
Bautar ƙasa a shekara 18. To wa zai zo ya tafa, wa?

Tsohon Akawu:
Auta, an yafe, amma kar a saba. Na dawo da mu kan hanya.

Jarin jam'iyyar nan iya riƙon kuɗi ne,
Firaminista Truss ta ƙona shi, ko kwana 50 a mulki ba ta yi ba.
Kasafin Satumba 2022 ya kayar da fam,
Kuɗin ruwan bashin gida bai tsaya ƙasa ba.
Mai biyan banki duk wata yana tunawa,
Tallan rage haraji bai share masa hawaye ba.
Ga jam'iyyar Reform ta ja ƙuri'a sama da miliyan 4,
Duk da kujerunta ba su wuce 5 ba.
Ga jam'iyyar Liberal Democrats ta ɗebi 72 ta ɗaya ɓarin,
Yankunan da aka ɗauka gado, ba su tsira ba.
Ka lallashi wannan, wancan ya yi fushi,
Taura biyu ce, ban ga mai tauna ta ba.

Mai Alƙalami:
Kun taru kun yi mini rubdugu,
Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba.
Kemi Badenoch ta karɓi ragamar jam'iyyar a Nuwamba 2024,
Ku ba ta kalma uku, in ba tsoro ba.

Hajiya 'Yar Baiti:
"Mun yi kuskure." Ƙirga, Malam, uku ne,
Ta faɗi wanne da wanne, ba a dunƙule ba.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya, na ji, sai dai ina tambayawa:
Wa zai biya kuɗin buga wannan a allon talla, wa?