Me za mu kira burnout da Hausa?

Jama'a, a taya ni neman kalma. Stress bai ba ni wahala ba, "matsi" ya wadatar. Burnout ne ya tsaya min a wuya, wato halin da mutum ke faɗawa idan matsin ya daɗe babu sassauci.

Ku ɗauki matar da ke zaune a Mararaba tana aiki a Sakateriyar Abuja. Tana sallame asuba ta fito don gudun cunkoson Nyanya. Sai bayan magariba ta dawo, ga tuwo, ga jingar yara ta makaranta, ga surukarta kwance ba lafiya. Ƙarfe 11 na dare ta buɗe kwamfuta don karatun digiri na biyu, ta yi ta nanata layi guda, ko kalma ba ta zama. Ranar Asabar akwai suna a Kubwa, in ba ta je ba a ce ta fara girman kai. Da safe a ce mata "ina gajiya?" ta ce "ba gajiya."

To, "gajiya" ta yi kaɗan. Gajiya barci ke maganinta, wannan kuwa da ita ake farkawa. "Galabaita" da "jigata" sun fi karkata ga jiki.

Wani ya kawo "ƙonewa". Haka take a bakin Turawa, tun 1974 da masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya yi rubutu kan masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a New York. Amma ka ce wa Bahaushe ka ƙone, tambayarka zai yi ko ruwan zafi ne.

Malam da ka ce "mutuwar zuciya", Allah ya huci zuciyarka, ban yarda ba. Wannan zagin malalaci ne, alhali wanda abin ke kamawa galibi shi ne mai ɗaukar kayan kowa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi alamomi 3: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga ranka, da raguwar abin da kake iya tabukawa. "Ƙosawa" ta biyun kawai ta kama. Hukumar ta kuma ce ba cuta ba ce, ta taƙaita shi ga wurin aiki. A nan na rabu da su, domin matar can ba ofis kaɗai ke ɗibar ƙarfinta ba.

Ni dai na tsaya kan "ƙafewa", kamar rijiyar da gida uku ke jan ruwanta ba a barinta ta taru. Ba wanda ke zagin rijiya don ta ƙafe.

Wata Hajiya ta yi gyara mai kyau: yawancinmu ba ma saka wa harafin ƙ ƙugiya a waya, "na kafe" kuma taurin kai ne. Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Sai mu riƙa cika ta, mu ce "ƙafewar kuzari". Mutanen Jos, ku kuma me kuke cewa?