Mu uku muka rubuta, zan iya canza lasisin ni kaɗai?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku muka haɗa manhajar lissafin kuɗin wata na Islamiyyu, muka ɗora a GitHub (shafin da ake ajiye kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi) da lasisin GPL (izinin da ke ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta, akwai bugu na 2 da na 3), na rubuta "na 2 kawai" don na ga haka Linux (babbar manhajar sarrafa kwamfuta) yake. Yanzu ina son saka wani kod mai wani lasisi daban, Apache 2.0, ashe ba ya zama da GPL na 2, sai na 3. Ɗayanmu ya koma Legas, wata huɗu ba ya ɗaga waya. Zan iya mayar da shi na 3 ni kaɗai?

Abba PZ: Sa lasisin MIT kawai ka huta.

Ɗan Samaru: Malam Abba ai ba sabo nake zaɓa ba, an riga an sa.

Injiniya: Ba ka da ikon haka ƙanina. Duk abin da mutum ya rubuta nasa ne, sai in ya mallaka maka a rubuce. Da ka sa "na 2 ko wanda ya biyo baya" da yau ba ka neman kowa. Linux ɗin da ka kwaikwaya, tun fitowar na 3 a 2007 Linus, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ƙi shi, masu hannu a ciki kuma dubbai ne. Ko ka samo na Legas ɗin ya yarda, ko ka cire nasa ka sake rubutawa.

Na Kwangila: Ku kuna ta lissafin 2 da 3, ni shekara guda na yi ina rubuta wa wani mai shago a Sabon Gari manhajar kaya, ba takarda ba komai saboda abokin babana ne, kwatsam na gan ta a shaguna uku ya canza mata suna yana sayarwa, da na yi magana ya ce ai ya biya ni, wallahi rabi ya ba ni. Aka ce in yi haƙuri don zumunci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Hajiya Tukur-Tukur: Allah ya saka maka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanka, ko ba ka yi rajista ba naka ne. Dubu 20 lauya ya rubuta min yarjejeniya.

Abba PZ: Hajiya wane lauya? Ni dubu 70 aka ce min.

Sabo Kongo: Ɗan ajinmu kyauta yake rubutawa.

Injiniya: Ɗalibi ba lauya ba ne.

Sabo Kongo: To Yallaɓai kai ma ba lauya ba ne, amma ka yanke hukunci a sama.

Injiniya: Shekara 9 ina saka hannu a irin waɗannan ayyuka, ba a aji na ji ba.

Abba PZ: "Ko wanda ya biyo baya" kamar mai neman aure a gidan 'yan mata da yawa 😂

Ɗan Samaru: Don Allah saƙon WhatsApp ya isa shaidar yardarsa in ya amsa?

Na Kwangila: Matsalar mutanenmu ba sa ɗaukar kod a matsayin aiki. Jiya wani ya ce in yi masa shafi ya sa min kati.

Hajiya Tukur-Tukur: Ni cewa aka yi ai zama kawai nake ina danne-danne. Ku nawa kuke karɓa kafin ku fara aiki, rabi ko duka?