Alƙalamin tawada yana yoyo a marfi da kan takarda: zafi ne ko ya lalace?

Ɗalibi a Madina

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu rubutu da alƙalamin tawada, ina neman shawara. Nawa na roba ne, mai konbata, wato ɗan bututun nan da ake murɗawa ya zuƙo tawada daga kwalba. Da lafiya lau yake rubutu, kwanan nan ya ɓullo da hali biyu. Na farko, duk sanda na cire marfi sai in tarar da tawada a ciki, mariƙin ya jiƙe, yatsuna su yi shuɗi. Na biyu, ina cikin rubutu sai ɗigo ya taru a ƙarƙashin bakin ya faɗo kan takarda, ko da a ɗaki nake mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki. A aljihun gaban jallabiya nake sa shi, baki sama. Wani lokaci nakan cire konbatan in sa tsohon katirij, wato ɗan bututun robar da ake sayarwa cike da tawada, da nake sake ɗura wa tawada da sirinji. Wasu sun ce zafin Madina ne, in yi haƙuri sanyi ya shigo. Haka ne, ko akwai abin da ya mutu a ciki?

Tsohon Akawu, Makka

Wa alaikumus salam, ɗana. Zafi yana da nasa laifin, amma alƙalamin da ke sakin ɗigo kana zaune cikin sanyin mukayyif ba zafi ke damunsa ba. Iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba.

Ba wani marfi ne ke tare tawadar a ciki ba. In ka tsoma tsinken shan lemo a ruwa, ka toshe samansa da yatsa ka ɗaga, ruwan ba ya zuba, kana ɗage yatsan kuwa sai ya tsiyaye. To haka alƙalamin yake. Baƙar robar nan da ke kwance ƙarƙashin bakin ƙarfen, fid, tana da siririyar hanyar da tawada ke gangarowa, da hanyar da iska ke komawa ciki kaɗan-kaɗan daidai gwargwadon tawadar da ta fita. Da zarar iska ta sami wata ƙofa ta baya, ba abin da zai riƙe tawadar, sai ta yi ta sauka har fid ɗin ya cika ya amayar.

Saboda haka kada ka sayi komai sai ka gano inda ƙofar take. Fara da marfi: ɗauraye shi da ruwa har sai ya fito fari, ka zura audugar kunne ka goge can ciki, ka kife shi ya kwana. Sau da yawa yoyon tuni ya wuce, tsohuwar tawadar da ta maƙale a marfi ce ke ta shafa mariƙi duk lokacin da aka rufe.

Sannan ka cire konbatan, ka zuƙi ruwa da shi, ka toshe bakinsa da yatsa, ka murɗa a hankali kamar za ka turo ruwan waje. In lafiyarsa lau, za ka ji ya cije. In ya ci gaba da murɗuwa ba wata turjiya, ko ka ga ruwa ya zagaya bayan fistan, wato ɗan abin da ke hawa da sauka a cikin konbatan in an murɗa, robar fistan ɗin ta gaji. Haska bakinsa da fitilar waya ka duba kewayen sosai, don tsagar da ke jawo wannan ta'asa ba ta fi silin gashi kauri ba.

Katirij ɗin da kake sake cikawa ma ina zarginsa. Robarsa mai laushi ce, an yi ta ne don a huda sau ɗaya a jefar. Kowane cirewa da mayarwa yana buɗa bakin, har ya daina kama ɗan hancin da ke cikin mariƙi. In ka tura shi ya shiga salin-alin ba ka ji ya kama ba, ya gama aiki. Ka kuma tabbatar na alƙalamin ne tun asali. Lamy, Parker, Pilot, Sailor da Platinum kowanne da irin nasa katirij da konbata, galibi ba sa shiga na juna. Kaweco da Faber-Castell suna amfani da ma'aunin nan na gama-gari. Alƙaluman China kuma akwai masu baki milimita 2.6 da masu 3.4. Wani zai shiga ya zauna kamar daidai ne, alhali iska na wucewa ta gefe.

In duk waɗannan sun fita lafiya, cika alƙalamin, goge shi tas, naɗe mariƙin da farin tishu ba tare da ya taɓa bakin ba, ka matsa kamar kana rubutu. Inda shuɗi ya fito a tishun, nan ne mariƙin ya tsage.

Malamar Kimiyya, Ɗa'if

Baba ya gama magana kan ɗigon da ke faɗowa a takarda. Tawadar cikin marfi kuwa, ina ganin masu cewa zafi ne ba su yi ƙarya ba, sai dai ba tawadar ce ke kumbura ba, iskar da ke samanta ce.

Bari mu yi lissafi. Konbata yakan ɗauki kamar mililita 0.5 zuwa 0.8. A ce naka mai 0.8 ne kuma ya yi rabi, kana da iska mililita 0.4 ke nan. Ka fito daga ɗaki mai digiri 22 ka shiga rana mai digiri 45, iskar za ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, wato mililita 0.03, bai fi ɗigo ɗaya ba. Ƙananan haƙoran da ke jikin fid an yi su ne don su riƙe irin wannan rarar, in dai ba a cike suke ba tun farko. Mota ce ba ta da sauƙi. Wadda aka ajiye a rana da gilasai a rufe cikinta kan wuce digiri 60, ga ruwan tawadar yana yin tururi yana ƙara matsi. Wannan ba fid ɗin da zai iya riƙe shi, zafin kuma yana iya lanƙwasa robar kanta.

Hawa sama ya fi zafi ƙarfi. Jidda tana bakin teku, Ɗa'if kuwa kusan mita 1,900 take. Wanda ya hau daga Jidda zuwa Ɗa'if ta hanyar dutsen Hada da alƙalami a aljihu, iskar cikinsa za ta ƙaru da kusan rubu'i. A jirgin sama, matsin iskar cikin ɗakin fasinjoji yakan yi daidai da tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ƙarin kan kai kusan sulusi. Dogon katirij mai mililita 1.4 da ya rage saura kaɗan zai iya turo mililita 0.3, wanda ya isa ya ɓata aljihu gaba ɗaya. Shi ya sa mai tafiya gida hutu ya kamata ya cika shi maƙil ko ya juye shi ƙaf, ya tsayar da shi baki sama, kada kuma ya buɗe shi lokacin da jirgi ke tashi.

Ɗan'uwa, ka ce baki sama kake sa shi a aljihu. Kana tsaye haka ne, kuma a wannan yanayin iskar da ta kumbura sai ta fice ta hanyar fid ba tare da ta turo komai ba. Amma ka tuna da ruku'u da sujada. A ruku'u alƙalamin kwance yake, a sujada bakin ƙasa yake kallo, ga ɗumin jiki, ga shi sau biyar a rana. Mutum ya fito daga sanyi, ya taka cikin rana zuwa masallaci, ya yi sujada daidai lokacin da iskar ke kumbura: tawadar ce a gaba, ita za a fara turowa cikin marfi. Gwada barinsa a tsaye cikin jaka na mako guda ka ga ko marfin zai bushe.

Mai Gyaran Agogo da Alƙalami, Jidda

Malama ta kawo abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Zan ƙara da ɓangaren gaba, don ba kullum ne laifin ke bayan alƙalami ba.

Duba zaman baki a kan fid. Ɗauki 'yar takarda ka gwada zura ta tsakaninsu daga tsini. Bai kamata ta shiga ba. In ta shige, bakin ya ɗaga, galibi saboda danna shi da ƙarfi kamar biro ko faɗuwa. Duba kuma ko tsagar bakin tana daidai tsakiyar fid, da ko su biyun sun shige mariƙi har ƙarshe. A yawancin alƙaluma masu sauƙin kuɗi tura su kawai aka yi. Kama su tare da ɗan ƙyallen roba, baki a sama fid a ƙasa, ka ja miƙe ba tare da murɗawa ba. A cikin mariƙin akwai gurbin da suke bi, in ka mayar ta wani gefen za su tsaya rabi su bar rata. Wasu kuma baki da fid suna cikin wani ɗan gida ne mai tiredi kamar na kusa mai murɗawa, shi ake kwancewa gaba ɗaya, kuma gidan kan tsage in an ɗaure shi fiye da kima. Zancen tsoma fid a ruwan zafi don ya manne da baki, wannan na fid ɗin ebonait ne, wata irin roba mai tauri, irin na tsofaffin alƙaluma da wasu na Indiya. Na filastik ba ya karɓar wannan gyaran da kyau, haƙoransa ma kan lanƙwashe.

Wanki da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi ake yi. In tawada ta bushe a ciki, jiƙa mariƙin a kofi ya kwana. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a kofi guda ya isa, amma ka ɗauraye sosai, domin sauran sabulu yana sa tawada ta yi ta gudu ba birki, sai ka ɗauka yoyo ne. Kada ka kusantar da sanitaiza, turare ko ruwan goge farce, suna cin roba su sa ta tsattsage. Wanda ke fesa turare a ƙirjin jallabiya da alƙalami a aljihu ya kiyaye.

Ina da ɗan saɓani da Malama kan cika shi maƙil. A jirgi haka ne, amma cikawar tana da ƙa'ida. In ka zuƙo tawada ta baki, fid ɗin ya riga ya sha ya ƙoshi, ba shi da sauran wurin riƙe rara. Bayan ka cika, mayar da ɗigo 2 ko 3 cikin kwalba, juya baki sama, murɗa fistan ya koma, sannan ka taɓa tishu a fid ɗin ya tsotse na waje. Wanda bai yi haka ba, sabon alƙalami ma zai zubar masa. Marfin da ake fizgewa kuma yana zuƙo tawada in an cire shi da ƙarfi baki na kallon ƙasa. Cire shi a hankali, baki sama.

Tawada ma ba ɗaya ba ce. Pelikan 4001 an san ta da rashin gudu, takan dace da alƙalamin da ke sakin tawada da yawa. Tawadar masu rubutun khaɗɗi, wato rubutun ado na Larabci, da alƙalamin gora, da tawadar allo irin tamu, kada su shiga ciki ko kusa. Akwai ƙaro da baƙin hayaƙi ko gawayi a cikinsu, suna bushewa su toshe hanyar iska, alƙalamin ya riƙa ƙin rubutu sannan ya saki gaba ɗaya.

Ɗalibi a Madina

Allah ya saka da alheri, Baba, Malama da Malam. Na yi gwajin. Da na toshe bakin konbatan na murɗa, ruwa ya fito ta gefen bakin, da fitila kuma na ga siririyar tsaga. Takarda ba ta shiga tsakanin baki da fid ba, tishun mariƙi ma ya fito fari. Zan iya liƙe tsagar da sufa gulu, ko in shafa basilin?

Mai Gyaran Agogo da Alƙalami, Jidda

Ko ɗaya kada ka yi. Bakin konbata buɗewa yake yi kaɗan duk sanda aka tura shi kan hancin, gam ba zai riƙe wurin ba, in kuma ya gangara ya taɓa hancin ko hanyar fid ka rasa mariƙin dungurungum. Basilin daga man fetur aka samo shi, yana lalata robar fistan, in ya haɗu da tawada kuma ya shiga fid, alƙalamin zai riƙa tsallake rubutu, wanke shi aiki ne ja. Abin da ake shafawa shi ne giris ɗin silikon zalla, irin wanda ake samu a shagunan kayan ninƙaya da nutso a nan Jidda, shi ma a jikin robar fistan ko tiredi kawai, ɗan abin da tsinken sakace zai ɗauko. Ba ya gyara tsaga.

Sayi sabon konbata. Tafi da alƙalamin kantin littattafai a gwada a gabanka, kada ka saya da ido. In irin mai tiredi ne murɗa shi za ka yi, in na turawa ne tura shi miƙe har ka ji ya zauna, wasu ma suna da 'yan kunnuwa biyu da ke shiga gurbinsu a mariƙi. Daga nan ka daina cire shi don cikawa, tsoma bakin alƙalamin a kwalba har tawada ta rufe shi ta taɓo gefen mariƙi, ka zuƙo ta nan. Yawan cirewa da sauya shi da katirij shi ne ya fi saurin tsaga bakin.

Tsohon Akawu, Makka

Jallabiyar kuma, ɗana, in tabon sabo ne kada ka kai ta guga, zafi kama shi yake yi. Juya ta, ka sakar mata ruwan sanyi ta bayan tabon don tawadar ta fita ta inda ta shiga, sannan sabulu. Yawancin tawadar shuɗi ta makaranta tana fita da haka. Wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ruwa ba ya wanke ta, wannan sai dai ka gaya wa mai wanki tun kafin ya jefa ta cikin inji.