Mura ta tafi, yanzu ƙanena yana ganin abu biyu-biyu

Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 27 ya yi mura mai zafi da tari, ya warke sarai. Bayan kwana 10 sai ya wayi gari yana ganin komai biyu. Idan ya rufe ido ɗaya abin ya haɗe, yana buɗewa ya sake rabuwa. Jiya a gabana ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, ya damƙi iska. Fatar idonsa na hagu ta fara saukowa, yatsun ƙafarsa na yi masa kamar tafiyar kiyashi, kuma tangaɗi yake yi idan ya miƙe.

Mun ɗiga maganin ido daga kemis, ya sha na maleriya, duk a banza. A asibitin ido an ce ƙwayar idon lafiya lau, sukari da hawan jini ma babu. Wani likita ya ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar guduma, ƙafar ko motsi. Ya ambaci ciwon Miller Fisher, wani nau'i na ciwon jijiyoyi da ake kira Guillain-Barré, ya tura mu wajen likitan jijiyoyi, amma sai nan da mako uku za a gan mu.

Yau da safe ruwa ya sarƙe shi sau biyu, hankalina ya tashi. Don Allah likitoci, mu jira ranar, ko mu kai shi sashen gaggawa yau ɗin nan?