Neman kalma: yaya za mu kira libertarian da grassroots a shirin rediyo?

Mai Shirya Shiri: Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Gobe bayan la'asar za mu naɗi shiri a kan tarihin zaɓukan Amurka, kuma kason da aka ba ni shi ne na Ron Paul, likitan nan tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Texas, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1988 a jam'iyyar Libertarian, sannan ya nemi tikitin jam'iyyar Republican a 2008 da 2012 bai samu ba. Abin da nake so mai sauraro ya ji shi ne ɗokin magoya bayansa, domin a ranar 5 ga Nuwamba 2007 sun tara masa sama da dala miliyan 4 ta intanet a yini guda, ranar 16 ga Disamba kuma suka tara kimanin miliyan 6, alhali ba ofishin yaƙin neman zaɓensa ne ya shirya ba. Kalmomin libertarian, wato sunan masu irin ra'ayinsa, da grassroots, wato irin wannan yunƙuri da magoya baya ke yi da kansu, su ne suka tsaya mini. Ba zan ce "mai sassaucin ra'ayi" ba, saboda mun riga mun ba liberal wannan suna, kuma a Amurka su biyun ba sa ga maciji a kan haraji da girman gwamnati.

Tsohon Mai Fassara: Wa alaikumus salam, 'yata. Muna da 'yan a-ware, muna da ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, don haka a kan wannan tsari ina ba da shawarar 'yan a-ƙyale-mu, tunda abin da suke faɗa wa gwamnati ke nan game da aljihunsu da bindigarsu da sirrin gidajensu. Ta biyun kuwa, ki ce talakawa kawai.

Ɗalibar Kimiyyar Siyasa: Baba, Allah ya ƙara girma, kalmar ta zauna a baki, sai dai ina jin tsoron mai sauraro zai ɗauka mutane ne da ba ruwansu da ƙasarsu, kuma wannan shi ne ainihin zargin da abokan hamayya suka riƙa yi musu. Ron Paul ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da dokar Patriot, wadda ta ƙara wa gwamnati ikon sa ido a kan jama'a, a 2001 da kuma yaƙin Iraƙi a 2002, sannan a muhawarar watan Mayu na 2007 abokin takararsa Rudy Giuliani, tsohon magajin garin New York, ya taso masa saboda ya danganta harin 11 ga Satumba da katsalandan ɗin Amurka a ƙasashen waje. Magoya bayansa kuwa suna ganin su ne masu kishin ƙasa na gaskiya: suna yawo da kundin tsarin mulki, suna ɗaga tutar nan ruwan ɗorawa mai hoton maciji ta zamanin yaƙin neman 'yanci, kuma sun zaɓi 16 ga Disamba ne don tunawa da ranar da aka zubar da ganyen shayin Ingila a tashar jiragen ruwa ta Boston a 1773. A wurinsu ƙasa daban, gwamnati daban. Haka ma talakawa ba ta dace ba, domin da yawansu ɗaliban jami'a ne da masu aikin kwamfuta da ƙananan 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji.

Ɗan Maraɗi: Kuna ta kewaye alhali kalmar tana gidanmu. Ɗiyauci ne. A ce aƙidar ɗiyauci, mai bin ta kuma a kira shi baɗiyauce, jam'i ɗiyautawa. Ɗiyauci ya haɗa 'yanci da mutunci da ƙin a mallake ka, wato duk abin da 'yar'uwa ta bayyana yana ciki, kuma ba mu ari komai daga kowa ba.

Malamin Nahawu: Ɗan'uwa, ginin bai yi daidai ba, domin ɗafa-goshin ba- da ɗafa-ƙeyar -awa sun fi tafiya da gari ko ƙabila ko sana'a, kamar Bakano da Kanawa ko baduku da dukawa. Ban da haka, kishiyar ɗiyauci ita ce bauta, don haka wanda ya ji ɗiyautawa zai zaci masu yaƙi da cinikin bayi ne ko masu neman 'yancin kai irin na 1960.

Ɗan Maraɗi: Malam, ai muna cewa Musulmi mabiya ɗariƙa Tijjanawa da Ƙadirawa, kuma ba gari ba ne ba sana'a ba. Gaskiyar magana ita ce duk kalmar da ba daga bakin Kano ta fito ba sai an nemo mata aibi. Mu a Nijar muna fama da Faransanci, inda libéral da libertaire da libertarien kowace ke da nata gida, amma idan muka kawo maganin da zai raba gardama sai a ce karin harshe ne. Sakkwato da Katsina da Gobir duk sun san ɗiyauci, to su ba Hausawa ba ne?

Malamin Nahawu: Misalin Tijjanawa na karɓe shi, amma ban ambaci Kano ba ko sau ɗaya. Daidaitacciyar Hausa ba gadon wani gari ba ce, yarjejeniya ce don jarida da makaranta su fahimci juna.

Ɗan Maraɗi: Yarjejeniyar da kullum ɓangare ɗaya ke sallamawa. Idan ɗiyauci ya yi muku nauyi, ga sawaba, wadda jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka suna a wurinmu, 'yan NEPU ma suka yi kirari da ita a wurinku. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kwaso "libatariya" a zuba a kunnen mutane.

Tsohon Mai Fassara: Ku yi haƙuri da juna, 'ya'yana, yarinyar nan aiki ne a gabanta. Sawaba tana da masu ita, kuma su gwamnati suke so ta tsaya wa talaka, Ron Paul kuwa so yake a soke harajin kuɗin shiga a kuma rufe babban bankin Amurka, don haka ɗora masa sunan zalunci ne ga ɓangarorin biyu. Aro kuma ba abin kunya ba ne ga harshen da yake cewa siyasa da jam'iyya da gwamnati. Na janye talakawa. Abin da aka bayyana, mutane su kira junansu su sa rana su fito da abin hannunsu ba tare da umarnin shugaba ba, sunansa gayya, tarin kuɗin kuma karo-karo.

Ɗalibar Kimiyyar Siyasa: Wannan ta faɗa daidai, Baba. Har babban balan-balan mai ɗauke da sunansa da ya riƙa shawagi a sama a ƙarshen 2007, da karo-karon magoya baya aka yi hayarsa. Ina roƙon a guji 'yan sa-kai ita kaɗai, saboda a yau kunnen mutanenmu zai tafi ga masu sintirin tsaro.

Mai Shirya Shiri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bar sunan jam'iyyar yadda yake, a ambato na farko in ce "masu ra'ayin 'yancin mutum da taƙaita ikon gwamnati", daga nan in riƙa cewa masu ra'ayin taƙaita gwamnati. Magoya bayan kuma zan ce sun yi masa gayya, kuma zan faɗi a fili cewa kishin ƙasa suke kiran abin da suke yi. Malam na Maraɗi, zan yi amfani da ɗiyauci a jumlar da ke bayyana abin da suke ganin suna karewa.

Ɗan Maraɗi: Wannan bayani ne, ba suna ba ne, kuma ranar da aka buƙaci kanun labari mai kalma uku za ku dawo nan. Na amince da gayya. Ki turo mana lokacin da za a sa shirin, 'yar'uwa, ina so in ji jumlar da kunnena.