Shin lissafin ingancin ruwan gaɓar teku zai yi aiki a madatsunmu?

Manomi daga Daura:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana son fara kiwon karfasa a keji cikin madatsar Sabke. Na ji cewa a Sikotilan ba a ba da izinin faɗaɗa gonar kifi a gaɓar teku sai an yi lissafi da kwamfuta, an gano yawan kifin da ruwan wurin zai iya ɗauka. Ko wannan lissafi zai amfane mu, mu da ba mu da teku?

Malamin kimiyyar ruwa, Dutsin-Ma:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Manufar za ta amfane ku, amma ba za a ɗauko lissafin nasu yadda yake ba. Manhajar DEPOMOD da suke amfani da ita tana hasashen inda kashin kifi da ragowar abinci za su kwanta a ƙarƙashin keji, kuma ta dogara ne ga cikowa da janyewar teku, waɗanda ke share wurin kullum. Ruwan madatsa kuwa yakan yi watanni a tsaye, don haka sinadarin fosforas da ke cikin abincin kifi yana taruwa, gansakuka ta yi yawa, da dare kuma ta shanye iskar oksijin har kifi ya wayi gari yana haki a saman ruwa. Abin da ya kamata a lissafa shi ne ruwan da ke saura a watan Afrilu da Mayu, lokacin da madatsa ta fi janyewa, domin wanda ya auna da cikar damina zai zuba kifin da bazara ba za ta ɗauka ba. Ko masu teku ba su tsira ba: a 2016 yaɗuwar gansakuka ta kashe miliyoyin kifin salmon a kudancin Chile.

Mai kiwon tarwada, Katsina:
Malam, ina so in ƙara batun hunturu. Idan saman ruwa ya yi sanyi, ruwan can ƙasan madatsar marar iska yakan taso ya gauraya da shi, kuma karfasar da ke cikin keji ba ta da wurin gudu, saɓanin tarwada da ke iya shaƙar iska daga sama. Sannan Alhaji, mutanen Daura suna shan ruwan Sabke, saboda haka ku nemi izinin hukuma kafin ku sayi keji ko ɗaya.

Manomi daga Daura:
Na gode, Malam da Hajiya. Za mu fara auna oksijin da asuba a kowane mako daga wannan hunturu har zuwa faɗuwar damina.